Mahaɗin da Na Yi wa Maganin Likita

Ba zan faɗi sunana ba, don ina da jikoki, kuma ba su yi wa kowa laifi ba. Abin da zan faɗa shi ne, kafin in zama wanda ake nunawa da baki a Kontagora, ni mai awon hatsi ne, kuma ba yabon kai ba, na iya aikina. In na hangi buhu, tun kafin in taɓa shi zan gaya maka ko an cika shi ko an yi masa wayo. Ina bin kasuwanni ina saya wa wani Alhaji dawa da wake da masara, yau Auna, gobe Ibeto, wani lokaci har Kasuwan Garba in hanya ta yi kyau. Ina da keke, ina da matata Hauwa, da 'yarmu Binta wadda ba ta daɗe da fara gudu ba. Ko taba ban taɓa sa wa a bakina ba. Ku riƙe wannan, samari, don kada ku ɗauka da lalacewa aka haife ni.

Mahaifina mai maganin gargajiya ne, na saiwoyi da sassaƙe, kuma a gefen tabarmarsa na tashi. Babban abin da na koya a wurinsa shi ne, babu maganin da ke aiki shi kaɗai. Wannan sai da jar kanwa, wancan sai da nono, wani kuma sai an dama shi a kunun gero. Abin da ake haɗawa ɗin nan shi ne mahaɗi. Baba kuwa, Allah ya jiƙansa, ba ya faɗin mahaɗi a zuwan farko. Zai ba ka saiwa ya ce ka je ka jiƙa ka sha. Sai ka dawo ka ce ba ka ji sauƙi ba, ka zauna ka gaishe shi da kyau, sannan ya sunkuyo ya ce, "To, ƙara masa jar kanwa." In na tambaye shi dalili, sai ya ce so yake ya gane wanda ya zo da gaske. Ni dai abin da ya zauna mini a kai tun ina yaro shi ne, duk mai magani yana riƙe rabin maganinsa a baki.

A shekarar da aka raba mu da Sakkwato aka ce mun koma Jihar Neja, Hauwa ta rasu wajen haihuwa ta biyu, ita da abin da ke cikinta. An yi zaman makoki, an watse, kowa ya koma harkarsa, ni ban koma ba. Tuwo ya daina yi mini ɗanɗano. Magana ta zama mini aiki, in an gaishe ni sai in ji kamar an ɗora mini buhu. Na daina zuwa kasuwa. Ba kuka nake yi ba, da ma kukan ne da ya fi sauƙi. Zama kawai nake yi ina kallon bango, ban san abin da nake nema a jikinsa ba.

Wata rana da hantsi yayata, Yaya Asabe, ta shigo ta tarar da Binta a bakin murhu tana miƙa hannu wajen garwashi, ni kuma ina zaune kusa da ita ina kallo. Wallahi ina ganinta, amma jikina ya ƙi tashi. Yaya ta fizge ta, ta goya ta, ta daɗe tana dubana. Sannan ta ce, "Zan tafi da ita. Ba riƙe maka ita zan yi har abada ba. Ranar da ka dawo mutum, ka zo ka ɗauki abarka." Wannan magana ita ce ta riƙa kaɗa ni a duk abin da zan ba ku labari. Abu ɗaya nake so a duniya, in dawo mutum da wuri in karɓo 'yata kafin ta manta da ni.

An yi mini rubutu, an yi hayaƙi, an jiƙa mini saiwoyin da Baba ya bari, duk shiru. Daga ƙarshe mijin Yaya, Malam Bawa, mutum mai sanyin hali wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya sa ni a mota muka tafi wani babban asibiti a Kaduna. Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa, sai da tafinta. Ya yi mini tambayoyi da yawa, kuma abin mamaki, ya riƙa faɗin abubuwan da nake ji kafin in faɗa.

Tafinta ya ce, "Likita ya ce ciwo ne kamar kowane ciwo, ciwon damuwa. Ba aljanu ba ne, ba kuma rashin tawakkali ba ne. Ga ƙwaya za ka riƙa sha. Amma ya ce ba ta aiki nan take, sai ka yi makonni kana sha kafin ka ji canji. Kuma kada ka kuskura ka haɗa ta da giya, ko wiwi, ko wata ƙwayar kasuwa."

Na ce, "To, mene ne mahaɗinta?"

Ya yi dariya, ya gaya wa likita, shi ma ya yi murmushi. Tafinta ya juyo ya ce, "Ruwa."

Na ce a raina, na gane, irin na Baba ne, ba a faɗi a zuwan farko. Gargaɗin da ya yi mini kuwa ban ɗauke shi da nauyi ba, don Baba ma yakan ce kada a ci kuɓewa ko naman akuya, kuma na sha ganin waɗanda suka ci sun warke sarai. Matsalata ita ce Kaduna ba nan kusa ba ce da zan koma in zauna in gaishe da likita da kyau har ya sunkuyo ya gaya mini.

Na fara shan ƙwayar kamar yadda aka ce. Bakina ya bushe kamar na ci garin rogo ba ruwa, jikina ya yi nauyi, ina tafe ina gyangyaɗi. Na lallaɓa na koma bin motar kasuwa don kada Alhaji ya sa wani a gurbina, amma baƙin cikin yana nan inda yake. Ranar Juma'a na je gidan Yaya. Binta ta gan ni, ta tsaya, sai ta koma bayan Yaya ta riƙe mata zane tana leƙowa. Na miƙa mata hannu ta ƙi zuwa. A hanyar komawa gida na ji makonnin nan da likita ya faɗa sun yi mini tsawo fiye da shekara.

Direban motar da ke kwaso mana hatsi sunansa Tanko, dattijo ne a shekaru amma ba a hali ba. Shi ke sayar wa direbobi da 'yan ƙodago wata ƙwaya da suke kira a-ji-garau, wadda ke hana barci da gajiya. Ya ga ina ta zuba gyangyaɗi a gaban mota, ya tambaye ni, na nuna masa ƙwayar asibiti. Ya jujjuya ta a tafin hannu ya ce, "Haba, ɗan mai magani guda! Ai maganin Turawa sanyi gare shi. Kwance yake a cikinka yana barci, sai ka ba shi abin da zai tashe shi." Maganar ta shige ni, don daidai take da abin da na tashi ina ji. Ya ba ni ɗaya kyauta. Ta farko kullum kyauta ce, ku ma kun sani.

Ranar na auna hatsin da ban taɓa aunawa ba. Ina dariya, ina tsokanar mata masu kawo wake, ina ɗaga buhu ni kaɗai. Na ce alhamdu lillahi, na samo mahaɗin da likita ya ɓoye. Muna dawowa gari ko gida ban je ba, na zarce wurin Yaya, na ce na warke, a ba ni 'yata. Na yi ta zuba, na gaya mata zan sayi mota, zan rushe ɗakina in gina na bulo, zan sa Binta a makaranta har Kaduna. Gumi yana ta tsiyaya a jikina alhali garin ba zafi. Yaya ta bari sai da na tsaya shan iska, sannan ta ce, "Je ka dubi idonka a madubi. Wanda na sani ba ya magana haka. Wannan ba lafiya ba ce, wani ciwon ne daban." Na fita ina zaginta a zuci, ina cewa ƙyashi take yi.

Abin da Tanko bai gaya mini ba shi ne yadda abin ke sakin mutum. In ya sake ni, sai in faɗa ramin da ya fi na da zurfi, ga zuciya tana bugawa kamar ana daka a ƙirjina. Na koma masa, ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, wiwi ke kwantar da ita. Wiwi ya kwantar da bugun, ya kawo tsoro, in ji kamar kowa a kasuwa ni yake kallo. Sai aka nuna mini rumfar masu burkutu a bayan kasuwar Ibeto, aka ce ƙwarya ɗaya tana korar tsoro. Kowane abu na sha, sai ya buƙaci nasa mahaɗin. Ƙwayar likita kuwa ban daina ba, don Malam Bawa bai taɓa fasa karɓo mini ita ba. Sai dai wani lokaci in manta na sha in ƙara, wani lokaci kuma in ƙara da gangan, don a ganina tunda na samo abin da ke tashinta, gara ta yi yawa.

Waɗannan abubuwa ba kyauta ake ci gaba da ba da su ba, kuma a nan sata ta shigo. Da farko ɗan hatsi nake ragewa a kowane buhun Alhaji kafin in ɗinke, ina ce wa kaina ko ɓera ma yana cin fiye da haka. Daga nan na yi mudu biyu. Ɗaya na bubbuga gindinsa ya zurma, da shi nake saye, ɗaya na tura gindinsa sama, da shi nake sayarwa. Waɗanda na fi cuta su ne matan Kambari, masu tahowa daga nesa da kaya a kafaɗa, waɗanda ke wuce masu awo da yawa su zo wurina don sun san ni da gaskiya. Wata tsohuwa a cikinsu ta taɓa duban mudun, ta dube ni, ta ce, "Yau wake nawa ya ƙanƙance." Na ce mata rani ne. Daga baya na sayar da buhunan Alhaji sukutum na ce sun faɗo daga mota. Bai kai ni ƙara ba, saboda darajar mahaifina, amma ya ce kada in sake taka ƙofar shagonsa.

Da na rasa aiki sai na ɗauko tabarmar Baba da jakunkunansa, na shimfiɗa a kasuwa. Mutane sun san sunansa, suka taru. Na riƙa daka ƙwayar likita da ta Tanko, in cuɗa da garin saiwa, in ƙulla a takarda, in ce maganin baƙin ciki da kasala ne, gadon gidanmu. Kada ku ce mugunta ce zalla. Rabin zuciyata ya san damfara nake yi, rabi kuwa ya yarda da gaske cewa na gano abin da likitoci ke ɓoye wa talakawa. Wata ranar kasuwar Ibeto wani manomi ya saya ya sha a gabana, don ya ce gona na jiransa. Ba a jima ba na ji ana salati a layin masu gishiri, aka ce wani ya faɗi yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa. Na naɗe tabarma na bi ta bayan rumfuna. Shi ne ko ba shi ba ne, ya tashi ko bai tashi ba, har yau ban sani ba.

Daga nan labarina ya yayyage, kuma ku yi mini haƙuri, don wasu abubuwan ba na iya cewa wanne ya riga wanne. Wasu ma ba ni na tuna ba, gaya mini aka yi. Na san na taɓa farkawa a gefen hanyar Auna da rana tsaka, ba takalmi, harshena a fashe, rigata duk jini, ban san yadda na je wurin ba. Na san na yi ta zagaya gari ina neman wanda ya sace mini keke, har na kama wani da kokawa, sai mai gyaran keke ya ce ai ni da kaina na sayar masa. Nakan tsaya salla in rasa wacce nake yi, in idar in sake tadawa. Idona ya daina ganin abu na kusa, fitsari ya riƙa ƙin fita sai na yi ta nishi. Sau da yawa nakan hangi Hauwa a cikin mata a bakin rijiya, da zanen da na saya mata, in bi ta da sauri, in ta juyo sai in ga wata ce.

Malam Bawa ya same ni wata rana a zaure, ya zauna a ƙasa kusa da ni. Ya ce, "Me kake haɗawa da maganin nan?" Na ce ba komai. Ya ce, "Tashi mu koma Kaduna, ka gaya wa likita gaskiya. Ba duka zai yi maka ba." Na ce masa likitan ne ya fara ɓoye mini gaskiya. Ya dube ni bai gane abin da nake nufi ba, ni ma a lokacin ban tabbata na gane ba. Ya ce daga yau ba zai ƙara ba ni maganin a hannuna ba, sai dai in riƙa zuwa gidansa ina sha a gabansa. Na yi masa godiya, yana fita na duba abin da na tara a jakar Baba, na ga zai kai ni wani lokaci. Gidan nasa kuwa na daina zuwa gaba ɗaya, don kunyar idon Yaya.

Ranar da abin ya faru, ranar kasuwar Auna ce, rana ta take. Na san na sha ƙwayar likita da safe, wataƙila sau biyu. Na san na sha ta Tanko a mota, na kuma biya rumfar burkutu. Ina tafe a layin masu itace, ƙasa tana yi mini sama da ƙasa, sai na ga Binta. Tana zaune a kan wani tsumma kusa da damin itace, ita kaɗai, tana wasa da ɓawon gyaɗa, da jar tsakiyar adon da Hauwa ta ɗaura mata a wuya. Ban yi mamaki ba ko kaɗan. Na ce a raina, Yaya ta gane na warke, kunya ta hana ta kawo mini ita gida, shi ya sa ta ajiye mini ita a nan. Na sunkuya na ɗauke ta, na ɗora ta a kafaɗa. Ta fara kuka, na ce, "Yi shiru, Baba ne. Gida za mu."

Zan gaya muku gaskiya ko da ba ta da daɗin ji. Tun rasuwar Hauwa ban taɓa jin farin ciki irin na wannan 'yar tafiyar ba. Ina jin ɗumin jikinta a wuyana, ina tunanin zan saya mata ƙosai a bakin tasha.

Sai na ji ihu a bayana. Wata mata Bakambara ta taho da gudu, ta yar da ƙwaryarta, tana cewa, "Yaro nawa! Yaro nawa ne! Ku kama shi!" Na juya ina neman ɓarawon da ake cewa a kama. Ta cafki ƙafar yarinyar tana ja, ni kuma na ƙanƙame, ina ihu ina cewa jama'a ku taimake ni, za a ƙwace mini 'ya. Mutane suka rufe mu. Na ji sanda a gadon bayana, na ji wani ya ce ai mai maganin nan ne, wani ya ce dama an ce masu magani suna neman kan yara. Ban saki ba sai da aka karya mini hannu. Daga nan jikina ya ɗauki shure-shure, ban ƙara sanin komai ba.

A gadon asibiti na farka, da ankwa a ƙafata. Abin da na fara tambaya shi ne ina Binta. Ɗan sandan da ke gadina ya ce, "Wace Binta? Yaron da ka ɗauka namiji ne." Na ce ƙarya ne, ga jar tsakiya a wuyanta. Ya ce babu komai a wuyan yaron sai laya. Da Malam Bawa ya zo na roƙe shi ya gaya musu gaskiya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Binta tana gida, ba ta taɓa zuwa Auna ba. Kuma ai ta wuce wannan girman, har ta fara zuwa makarantar allo." Na kwanta ina lissafi, ya ƙi fita. A kaina ba a fi wata biyu da ɗauke ta ba, ashe damina biyu ta wuce.

A kotu an baje jakar Baba, ga ƙulle-ƙullen garin, ga mudu biyu. Matar ta ba da shaida ta bakin tafinta, tana rungume da ɗanta, ko sau ɗaya ba ta dube ni ba. Alƙali ya tambaye ni ina zan kai yaron. Na ce gida. Ya ce gidan wa? Na juya na dubi yaron a hannun uwarsa. Bayanin da Malam Bawa ya yi game da ciwona ya sa an sassauta, amma damfara da cutar awo da sayar wa mutane abin da zai kashe su, waɗannan da hankalina na fara su, kuma ban musa ba. Aka yanke mini shekaru. Yaya ta zo kotun, ta zauna a baya, ba ta zo da Binta ba.

Farkon zamana a gidan yari ba na son tuna shi. Jikina ya yi ta karkarwa yana neman abin da ya saba, bayan ya lafa kuma tsohon baƙin cikin ya dawo ya same ni inda ya bar ni. Malam Bawa bai gaji ba. Ya je ya yi bayani, ya kawo maganin, aka damƙa wa ma'aikacin da ke kula da marasa lafiya. Shi kuwa ba ya wasa. Zai sa mini ƙwaya a tafin hannu, ya miƙo kofin ruwa, ya tsaya sai na haɗiye na buɗe baki ya gani. Na ce masa ba za ta yi aiki haka ba, sai da mahaɗi. Ya ce, "A nan mahaɗinka ke nan, sha ka ba ni kofi."

Makonni suka wuce ban ji komai ba sai bushewar baki. Wata rana da safe aka kawo gabza, abincin da ake ba mu, na kai loma ɗaya, na ce wa na kusa da ni, "Yau ba su sa gishiri ba." Ya ce ai kullum haka take. Na tsaya da lomar a hannu. Rabon da in san ko abinci yana da gishiri ko babu, tun Hauwa tana da rai. Na ajiye kwanon na yi kukan da ban yi ba a ranar jana'izarta. Ashe ba abin da likita ya ɓoye mini. Da na zauna a gida na yi waɗannan makonni da kofin ruwa, da tuni na je na ɗauko 'yata a kan kekena.

Da aka sake ni, gidan Yaya na fara zuwa. Na yi sallama, wata yarinya doguwa ta fito da tsintsiya a hannu, fuskar Hauwa sak. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba ba ya nan, amma Inna tana ciki. Wa za a ce?" Kafin in sami bakin magana Yaya ta leƙo, ta yi salati, ta ce, "Ƙanena ne." Yarinyar ta sake durƙusawa ta ce, "Sannu da zuwa, Kawu." Ta tafi kawo mini ruwa.

Yaya ba ta karya alkawari ba. Bayan na ci abinci ta ce, "Na ce ranar da ka dawo mutum ka zo ka ɗauki abarka. Ga ta nan. In ka ce a gaya mata yau, yau za a gaya mata." Na dubi Binta tana tsakar gida tana yi wa ƙannenta faɗa, na ga yadda ta ruga ta karɓi jakar Malam Bawa da ya shigo. Na tuna yadda na ƙanƙame ɗan mutane yana kuka ina cewa gida za mu. Na ce wa Yaya a bar ta inda take. Ban san ko daidai na yi ba. Wani lokaci ina ganin shi ne abu ɗaya mai kyau da na yi mata, wani lokaci kuma ina ganin tsoro ne kawai ya hana ni. Sai da aurenta ya zo aka gaya mata, kuma ta karɓa da hankali fiye da yadda na cancanta.

Na tuba, ina kuma roƙon Allah ya karɓa. Na koma awo da mudu ɗaya. Na nemi Alhaji ya yafe mini kafin ya rasu. Na je Auna neman matar nan, na je Ibeto ina tambayar manomin, ban sami ko ɗayansu ba, kuma wannan nauyin da shi za a binne ni.

Yanzu ku nake wa magana, samari da 'yan mata. Na san sunayen sun canza, yau tiramol ne da kodin da wasu da ban iya faɗi ba, amma Tanko bai canza ba, yana nan a kowace tasha. In ciwon damuwa ya kama ɗayanku, ba abin kunya ba ne, ku je asibiti. In an ba ku magani aka ce sai an jira, ku jira, ko da jiran ya fi ciwon ɗaci. Kada ku ɗora masa komai, ko abin hayaƙi, ko na kwalba, ko ƙwayar aboki, don a cikin jiki ba sa zama lafiya da juna, kuma ba za ku san lokacin da hankalinku zai fita ya bar ku kuna yawo ba. In kun riga kun haɗa, ku gaya wa likita da bakinku, kada ku daina ko ku ƙara da kanku. In kuwa kun ga maganin bai karɓe ku ba, ku koma ku faɗa, komai nisan asibitin. Ni nisan Kaduna na ji, na ƙare da tafiyar da ta fi ta nisa.

Ciwon yakan dawo mini jefi-jefi har yanzu, kuma in ya dawo ana mayar da ni kan magani. Binta ce ke lura da ni. Shekaranjiya ta biyo da yamma, ta durƙusa a bakin ƙofa kamar ranar farko, ta ce, "Kawu, ka sha maganinka?" Ta san ko ni wane ne, amma bakinta ya riga ya saba, ni kuma ban taɓa samun fuskar da zan ce ta gyara ba.

Na ce na sha.

Ta ce, "Da me?"

Na ce, "Da ruwa."